SANYIN HUNTURU DA CUTAR SHANYEWAR ƁARIN JIKI

1.0 GABATARWA

Da zarar kaka ta wuce, an gama kai amfanin gona rumbu, sai iska ta juyo daga arewa maso gabas, ta taho da hazo da ƙura, gari ya yi fari fat, leɓɓa su bushe, ƙafafu su yi kaushi. Wannan shi ne lokacin hunturu, wanda yakan kama daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu. A wannan lokaci har gaisuwa takan sake, domin bayan an tambayi mutum kwana da gajiya, sai a ce masa, "Yaya sanyi?" shi kuwa ya amsa, "Sanyi lokacinsa ne." Amsar nan tana nuna yadda Bahaushe ya ɗauki sanyi, watau baƙo ne mai zuwa kowace shekara, a yi haƙuri da shi har ya kama hanya. Cututtukan da aka saba jingina masa su ne mura da tari da ciwon gaɓoɓi. Ba kasafai ake sa shanyewar ɓarin jiki cikin lissafi ba.

To, amma binciken da likitoci suka daɗe suna yi a ƙasashe daban-daban ya nuna akwai dangantaka tsakanin saukar sanyi da wannan muguwar cuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda dangantakar take, da hujjojin da aka kafa ta a kansu, da kuma abin da ya shafi mazauna ƙasar Hausa a ciki. Za a ga cewa sanyi shi kaɗai ba ya shanye lafiyayyen mutum. Abin da yake yi shi ne ƙara nauyi a kan jijiyoyin da hawan jini ya riga ya raunana, kamar dai yadda masu iya magana suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Kafin a shiga bayani, ya kamata a tsai da ma'anar wasu kalmomi uku. Ta farko ita ce sanyi. Hausa ta bambanta ɗari, mai dogon wasali a gaɓar farko, watau busasshen sanyi na hunturu, da kuma sanyi, wanda ma'anarsa ta fi faɗi, har ta haɗa da na damina mai laima da na ruwan randa. In abin ya tsananta akan kira shi jaura ko muku-muku. A maganin gargajiya kuwa sanyi cuta ne mai zaman kansa, ana cewa ya shiga mutum, ya kama ƙashi ko mara. A nan dai abin da ake nufi da sanyi shi ne raguwar zafin iska ko na ruwan da ya taɓa fatar mutum, irin wadda ake aunawa da digiri na ma'aunin Salshiyas.

Kalma ta biyu ita ce shanyewa. Akwai shan inna, wadda ke kama yara, ta shanye ƙafa ko hannu, ita kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma ana yi mata rigakafi da ɗigon magani. Shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwar ɓarin jiki, wata aba ce dabam. Ta fi kama manya, takan auku farat ɗaya, kuma tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa. Saboda yadda take faɗa wa mutum ba sallama, da yawa sukan danganta ta da iskoki ko sammu.

Kalma ta uku ita ce jijiya. Bahaushe yana kiran hanyar da jini ke bi jijiya, yana kuma kiran zaren da ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi jijiya. Duk inda aka ce jijiya a wannan maƙala, hanyar jini ake nufi.

3.0 YADDA CUTAR KE AUKUWA

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta kuwa da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a wannan daƙiƙa da shi take aiki. Misalinta kamar lambu ne a tsakiyar rani, wanda rayuwarsa ta rataya a kan magudanar ruwa. Hanya biyu ce lambun zai lalace: ko dai magudanar ta toshe, fangalin da ke gaba ya bushe, ko kuwa ta ɓalle, ruwa ya malale ya kwantar da shuka.

Haka abin yake ga ƙwaƙwalwa. Iri na farko shi ne na toshewa, inda gudan jini ke tare jijiya, sashen ƙwaƙwalwar da take ciyarwa ya rasa jini ya mutu. Iri na biyu shi ne na fashewa, inda jijiya ke tsagewa, jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa ya danne ta. Da yake ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin hagun na jiki, na hagu kuma ke mulkin dama, sai a ga ɓari ɗaya kawai ya mutu. Ga yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu, shi ya sa wanda damarsa ta shanye sau da yawa magana ma takan ƙwace masa.

Cutar ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar duniya ta shekarar 2019 ta nuna mutum miliyan 12.2 ta kama a wannan shekara, ta kuma kashe fiye da miliyan 6 da rabi, watau ita ce ta biyu cikin abubuwan da suka fi kisa a duniya. A Afirka ta Yamma an yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a 2018. An duba majiyyata 2,118, aka tarar kashi 68 cikin 100 toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Wannan kaso na fashewa ya ɗara abin da akan samu a Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Binciken ya kuma nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na cutar a wannan yanki ana iya jingina shi ga hawan jini. Wannan batu yana da muhimmanci, domin ta ƙofar hawan jini sanyi ya fi shigowa.

4.0 ABIN DA SANYI KE YI WA JINI

4.1 Tsukewar Jijiyoyi

Jikin ɗan Adam yana ƙoƙarin riƙe zafinsa na ciki a kan digiri 37, ko ana rani ko ana ɗari. Idan fata ta ji sanyi, nan take saƙo yakan kai ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umurni ƙananan jijiyoyin da ke fata da yatsu su tsuke, don kada jini ya riƙa kai zafi waje yana zubarwa. Shi ya sa yatsun mai jin ɗari kan yi sanyi ƙalau, su ƙage. Dabarar tana da kyau wajen tsare ɗumin jiki, amma tana da farashi. Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyon ban-ruwa ya san yadda ruwan ke ƙara ƙarfi. In hanyoyi suka ƙuntata, alhali yawan jinin bai ragu ba, tilas ƙarfin bugunsa a jikin bangon jijiyoyi ya ƙaru, zuciya kuma ta ƙara wahala wajen tura shi.

Wannan abu sananne ne tun da daɗewa. A 1932 wasu likitoci biyu na Amurka, Hines da Brown, suka fito da wani gwaji mai sauƙi: a tsoma hannun mutum cikin ruwan ƙanƙara na minti ɗaya, a auna jininsa. Akan ga awon ya hau nan take, kuma ya fi hawa ga masu hawan jini. Ga saurayi mai lafiyayyun jijiyoyi wannan ba kome ba ne, domin jijiyarsa tana da danƙo, ta buɗe ta koma. Amma dattijon da hawan jini ya shekara goma yana dukan jijiyoyinsa, sun yi tauri, wasu ƙanana a can cikin ƙwaƙwalwa sun yi rauni, ƙarin nan na iya zama sanadin fashewa.

4.2 Kaurin Jini

Kowa ya lura da yawan fitsari a lokacin sanyi. Dalili shi ne, sa'ad da jijiyoyin fata suka tsuke, jini yakan taru a tsakiyar jiki, sai ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa, ta shiga zubar da shi. Wani ruwan kuma yakan tsiyaye daga jijiyoyi ya shiga tsoka. Ruwa ya ragu, ƙwayoyin jini kuwa suna nan yadda suke, sai jinin ya yi kauri, kamar kunun da ya daɗe a kan wuta. Jini mai kauri ya fi saurin yin gudaji, gudan jini kuwa shi ne mafarin toshewa.

A 1984 Farfesa William Keatinge da abokan aikinsa a Landan suka auna wannan abu a fili. Suka zaunar da wasu mutane masu lafiya, da tufafi marasa nauyi, cikin iska mai kaɗawa wadda zafinta digiri 24 ne, har tsawon awa shida. Zafin cikinsu bai ragu da ko rabin digiri ba, amma kaurin jininsu ya ƙaru da kashi 21 cikin 100, ƙananan ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini suka yawaita, awon jininsu kuma ya tashi daga 126 bisa 69 zuwa 138 bisa 87. Abin lura a nan shi ne digiri 24 ɗin nan. Ba sanyin ƙanƙara ba ne, bai ma kai sanyin hantsin hunturu a Kano ba. Iska mai kaɗawa, da ƙarancin tufafi, da daɗewa a ciki, su suka yi aikin.

4.3 Mura da Ciwon Ƙirji

Lokacin sanyi lokacin mura ne da ciwon haƙarƙari. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yakan tashi yaƙi da ita, cikin yaƙin nan kuwa sinadaran da ke daskarar da jini sukan ƙaru, kitsen da ya manne a bangon jijiya kuma yana iya ɓantarewa. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan takardun dubban majiyyata, aka buga a 2004, ya nuna cewa cikin kwana uku na farko bayan ciwon ƙirji ya kama mutum, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau uku, sa'an nan ya riƙa sauka a makonnin da ke biye. Har ila yau wasu magungunan buɗe hanci suna tsuke jijiyoyi, su ɗaga jini. A shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye wani sinadari da ake sawa cikin magungunan mura, bayan an gano yana da alaƙa da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa.

4.4 Sa'ar Asuba

Jinin mutum yakan sauka in yana barci, ya yi tsalle ya hau sa'ad da ya farka. A 1998 an tattara sakamakon bincike 31, aka ga cewa tsakanin ƙarfe 6 na safe da 12 na rana haɗarin cutar ya ɗara na sauran sa'o'i da kashi 79 cikin 100. Sanyi kuma a daidai fitowar alfijir ya fi tsanani. Saboda haka mai hawan jinin da ya yaye bargo ya fita tsakar gida da asubar hunturu, hawa biyu ne suka haɗu a kansa lokaci ɗaya, na farkawa da na sanyi.

5.0 SHAIDAR ƘIDIDDIGA

Tun a 1961 wani likitan Ingila, Geoffrey Rose, ya nuna cewa awon jinin mutane ya fi hawa a watannin sanyi. Mafi girman shaida ta zo daga ƙasar Sin a 2012, inda aka auna mutum rabin miliyan a yankuna goma. An tarar lambar sama ta awon jini ta fi yawa da kimanin maki 10 a lokacin sanyi bisa ga lokacin zafi, kuma duk saukar digiri 10 a waje tana tafe da hawan kusan maki 6. Ga mutum guda maki 10 ba su da yawa a ido, amma in aka ɗora su a kan al'umma gaba ɗaya, mutane da dama ne za su tsallaka daga lafiya zuwa haɗari.

Sai dai ba kowane bincike ne ya yi daidai da ɗan'uwansa ba. Wanda aka yi a yankin Oksfod na Ingila, aka buga a 1996, bai ga wata dangantaka mai ƙarfi tsakanin sanyi da irin toshewa ba, amma ya ga irin fashewa tana ƙaruwa in sanyi ya sauka. Masu binciken suka kawo shawarar cewa yawan mace-macen da ake gani a lokacin sanyi yana iya kasancewa saboda wanda cutar ta riga ta kwantar ya fi saurin rasuwa a lokacin, musamman in ciwon haƙarƙari ya same shi. A taƙaice, hujjar ta fi ƙarfi a kan irin fashewa, watau irin da binciken SIREN ya nuna tana da yawa a wannan yanki na Afirka. Ya kamata kuma a sani tsananin zafi ma yana da tasa illar, domin yana ƙone ruwan jiki.

Wataƙila wani ya ce wannan matsalar mutanen ƙasashen ƙanƙara ce. Abin mamaki, ƙididdiga ta nuna akasin haka. A 1997 aka buga sakamakon wani bincike da ya kwatanta yankunan Turai masu sanyi da masu ɗumi. A birnin Atina na ƙasar Girka, inda sanyi ba ya tsanani, duk saukar digiri ɗaya ƙasa da 18 tana ƙara yawan mace-mace da kashi 2.15 cikin 100. A kudancin Finlan kuwa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, ƙarin bai wuce kashi 0.27 ba. Da aka bi diddigi sai aka ga cewa, a rana mai sanyi iri ɗaya, ɗakunan Finlan sun fi ɗumi, kuma kashi 72 cikin 100 na mutanenta suna sa hula in za su fita, alhali a Atina kashi 13 ne kawai. A shekarar da ta biyo aka buga wani binciken daga birnin Yakutsk na Siberiya, inda sanyi ke kai digiri 48 ƙasa da sifiri, aka ga mace-macen ciwon zuciya da na shanyewar jiki ba su ƙaru da sanyin ba, saboda mutanen suna lulluɓe jiki sosai, suna ɗumama gidaje, kuma ba sa daɗewa a waje.

Darasin a bayyane yake. Abin da ma'auni ya nuna a waje ba shi ne muhimmi ba, sanyin da ya kai ga fata shi ne abin ji. Mutanen da suka ɗauki sanyinsu ƙarami, ba su yi masa shiri ba, su ya fi yi wa ɓarna.

6.0 HUNTURU A ƘASAR HAUSA

In aka auna ƙasar Hausa da wannan ma'auni, za a ga ta fi kama da Atina. A Kano, cikin watan Janairu, zafin rana yakan kai wajen digiri 30, amma da dare ya faɗo wajen 13, wani daren ma ƙasa da haka. Bambancin da ke tsakanin azahar da asuba ya kan haura digiri 15 cikin yini guda, jijiyoyi suna buɗewa suna tsukewa kullum. Mutum yakan fita da rana cikin 'yar shara, dare ya riske shi a hanya da ita.

Gidaje ma sun sake. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yakan sha zafin rana, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, ga kuma gadon ƙasa da akan hura wa wuta a ƙarƙashi domin tsofaffi da masu jego. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba sili kuwa, da rana ta faɗi yakan huce, kafin asuba ya zama kamar randa. Tufafin da aka gada, irin su gwado da rawani da hular haɓar-kada mai rufe kunnuwa, duk an yi su ne da sanin wannan iska.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke rakiyar hunturu. Na farko ƙura ce, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Na biyu hayaƙi ne, na itace da gawayi da kara da ake ƙonawa don jin ɗumi. Likitoci sun tabbatar cewa shaƙar ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da gurɓatacciyar iska yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan cuta. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana da wani haɗarin na dabam, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Bugu da ƙari, iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi da fata, ga shi sanyi yana rage jin ƙishirwa, sai mutum ya yini bai sha ruwan kirki ba.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne tsofaffi, da masu hawan jini, da masu ciwon sukari ko na zuciya, da mashaya taba, da wanda cutar ta taɓa taɓawa. In aka dubi sana'a kuma, akwai masu gadi da ke kwana a waje, da masu noman rani da ke shiga ruwa tun da duku-duku, da masu haya da babur, da 'yan kasuwar ƙauye masu hawa bayan buɗaɗɗiyar mota da asuba. Yara masu cutar sikila su ma abin kula ne, domin suna cikin masu haɗarin shanyewar jiki tun suna ƙanana, kuma sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar musu da ciwo.

7.0 RIGAKAFI

Tun da ta hawan jini sanyi ke shigowa, matakin farko shi ne mutum ya san awon jininsa. Hawan jini ba ya ciwo, ba ya ba da alama, da yawa ba sa sanin suna da shi sai ranar da suka faɗi. Duk baligi ya kamata ya riƙa awo, musamman wanda ya haura shekara 40, kuma farkon hunturu lokaci ne mai kyau na yin haka. In awon ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko fiye, sai a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma in ya ga awon ya hau da shigowar sanyi, likita ne zai gyara masa adadin maganin, ba shi da kansa ba.

Mataki na biyu shi ne tsare jiki. Riga biyu ko uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A rufe kai da kunne da wuya, a sa safa. A toshe kafofin da iska ke shigowa ɗakin tsoho, a ƙara masa bargo. In ya farka da asuba, ya ɗan zauna a bakin gado, ya sa tufafinsa tun yana ɗaki, sa'an nan ya fita. A ɗumama masa ruwan alwala da na wanka, malaman fiƙihu ba su hana alwala da ruwan ɗumi ba. In an kai wuta ɗaki, a fitar da ita kafin a kwanta, a kuma bar wa iska hanya.

Mataki na uku ya shafi ci da sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano na miya da kanwa duk suna ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini, don haka su ma a sa su cikin lissafi. A yawaita ganye, a sha ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, a motsa jiki in rana ta ɗaga. Mai hawan jini kada ya sayi maganin mura a kemis ba tare da ya faɗi lalurarsa ba.

8.0 IN ABIN YA AUKU

Alamomin cutar sukan zo farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa na ɓari ɗaya ya saki, magana ta sarƙe ko ta ɗauke, gani ya dushe, mutum ya kasa tsayuwa, ko kuwa ciwon kai mai tsanani wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ana iya gwadawa nan take: a ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya maimaita wata gajeriyar magana. In ɗaya ya gagara, sai asibiti, ba jira.

Dalilin gaggawar shi ne, wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Maganin da ke narkar da gudan jini kuwa galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewa ba ce. Saboda haka a riƙe lokacin da abin ya fara don a gaya wa likita. Kada a ɗura wa majiyyaci ruwa ko rubutu ko jiƙo, domin haɗiya takan lalace, abin ya bi ta huhu. Kada a ba shi asfirin, domin in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. In ya suma a kwantar da shi a gefe ɗaya. Addu'a ana iya yin ta a kan hanyar asibiti. Ko da alamun sun gushe bayan 'yan mintoci, a je a ga likita a ranar, domin sau da yawa gargaɗi ne na babbar da ke tafe.

9.0 KAMMALAWA

An ga yadda sanyi ke tsuke jijiyoyi ya ɗaga jini, ya sa shi kauri, ya kuma jawo mura da ciwon ƙirji, da yadda waɗannan ke haɗuwa da hawan jinin safiya. An ga kuma cewa mutanen ƙasashe masu matsakaicin sanyi ba su tsira ba, hasali ma rashin shiri yakan sa su fi jin jiki. Magabata da suka ce sanyi yana shiga mutum ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, sai dai ilmin likitanci ya nuna ƙofar da yake bi, ya kuma nuna wanda ya fi samu a buɗe. Ɗalibin da zai koma gida hutu a watan Disamba yana iya kai mahaifinsa awon jini, ya duba rufin ɗakin kakarsa da bargonta, ya ɗora mata ruwan alwala a wuta. Sanyi dai lokacinsa ne, amma in kunne ya ji, jiki ya tsira.